Rawaya a Hannu, Shawara a Ido

Duk wanda ya raɗa wa ciwon shawara wannan suna ya zauna da mutanenmu, ya san halinmu. Ciwo ne da in ya shiga gida da safe, kafin azahar masu ba da shawara sun cika tsakar gida, kowa da tasa, kuma kowa ya rantse tasa ce ta tashi kakarsa. Sau ɗaya na yi jinyarsa, jinyar surukata, kuma har yau in na ga saiwar rawaya a kasuwa sai na yi dariya ni kaɗai. 'Ya'yana sun daɗe suna cewa in rubuta labarin ko wani ya ƙaru, to ga shi.

A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan ne, wanda aka haɗa musu har da na watannin baya. Muna zaune a Ƙofar Marusa, maigidana, Malam, akawu ne a wani ofishin gwamnati. Garin ya rikice da sababbin abubuwa. Abokan aikinsa wannan ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset, akwai ma wanda ya sayo firji alhali wutar lantarki ba ta kai unguwarsu ba, matarsa ta riƙa jera kwanuka a ciki. Shi Malam da ya karɓi nasa bai tsaya ko'ina ba, sai da ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka. Da kaɗin auduga da sayar da daddawa Inna ta rene shi bayan rasuwar mahaifinsa, kuma ba ta taɓa roƙonsa komai ba.  Ranar da aka gaya mata sai ta aika aka yanko mata farin yadi, ta ɗinka da hannunta, ta ninke a ƙasan akwati, ta ce na tsayuwar Arfa ne.

Dole in faɗi yadda zaman gidanmu yake, don in ba haka ba yaran yanzu za su ce ƙarya nake yi. Malam ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "mutumin nan", kuma in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, shi yana kallon ƙasa, ita tana kallon bango. Ni kuma suruka ce. Na fi shekara goma a gidan, ba mu taɓa sa-in-sa da ita ba, amma ban taɓa ɗaga kai na dube ta ido cikin ido ba. Na san Inna da muryarta, da ƙafafunta, da zoben azurfar da ke ɗan yatsanta. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ban ɗauke shi wahala ba.

Bayan ƙaramar Sallah kaɗan ciwon ya fara. Da farko kasala ce, muka ce gajiyar azumi. Sai ta fara ture abinci. In na ɗora mai a wuta sai ta ce warinsa na tayar mata da zuciya, ita da ba ta cin tuwo sai da man shanu. Zazzaɓi yakan zo da yamma ya tafi da safe, fitsarinta ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Wadda ta gano ciwon ita ce 'yata Ummi, mai sunan Inna, lokacin ba ta shiga makaranta ba. Jika ba ta da kunyar kaka, kullum tana bisa cinyarta tana ja mata kunne. Ita ta fito tana gaya mini wai idon Kaka ya zama kwaiduwar ƙwai.

Inna ta ƙi asibiti da farko. Kowa a lokacin ya yarda cewa mai shawara in aka yi masa allura, shi ke nan, sai dai a ɗauko gawa. Sai da limamin unguwa ya sa baki, Malam kuma ya yi alkawari ta bakina cewa ba wanda zai taɓa ta da allura, sannan ta shiga tasi. Mun isa da sassafe muka tarar da layi ya zagaye baranda, mutanen ƙauye da tabarminsu da ƙullin fura, wasu a nan suka kwana. Ba benci, Inna ta zauna a ƙasa ta jingina da ni. Wata mai ba da kati ta daka mata tsawa ta ce tsohuwa ta matsa daga hanya, kuma wannan tsawar ta fi ciwon yi mata zafi. Ba mu ga likita ba sai bayan azahar.

Likitan Ba'indiye ne, siriri mai tabarau, Hausarsa ba ta fi cikin cokali ba. Wata sista 'yar garin nan ke yi masa tafinta. Ya duba ta, ya danna mata ciki ta gefen dama, ta yi ƙara. Ya ce hanta ce ta kumbura, kuma maganinta hutu. Ya ɗaga yatsu yana lissafawa da Hausarsa: ba mai, ba aiki, ba allura. Da Inna ta ji ta ƙarshen sai ta ce ashe kafirin nan ya san abin da yake yi, sista ta yi kamar ba ta ji ba. Aka ba mu ƙwayoyi, aka ce ta sha rake da ruwan sukari, a ware mata kwano da moɗa, a dafa ruwan sha, a kai yara wani gida har ta warke, mu dawo bayan mako uku. A hanyar gida Inna ta ce ita da wannan baranda sai a lahira, ba ta komawa.

Da yammar ranar na kai Ummi da ƙannenta gidan iyayena a Ƙofar 'Yandaka. Ban san na fitar da mutum ɗaya tilo da ke kallon idon Inna daga gidan ba.

Makon farko ya tafi a kan abinci. Abin dariya abin takaici, shekarar da rediyo ba shi da zance sai arzikin mai, shekarar da Malam ya fara sayo mana man gyaɗa gwangwani guda, ita ce shekarar da Inna ke cin tuwo da miyar kuka lami, ba mai ba nama. Ina tsame mata tata kafin in sa wa tamu mai. Magani kyauta aka ba mu, ba zan ci amanar gwamnatin lokacin ba. Abin da ya cinye aljihun Malam shi ne 'yan dubiya. Ba a taɓa zuwa dubiya a tafi da yunwa ba, ga lemon kwalba ya shigo yayi, kowa ya zo sai an fasa masa. Na gode musu, Allah ya ba su lada, amma akwai waɗanda na tabbata lemon suka zo dubawa.

Kowa kuma da tasa shawarar. Wata ta ce ganyen gwanda, wata ta ce rai-ɗore, wata ta ce jiƙon tsamiya da kanwa, wani tsoho daga zaure ya aiko a ce kada a bari ta ga jan abu. Ina cewa to, ina ajiyewa a bayan randa. Sai a mako na biyu ƙanwar Inna, Iya Dije, ta zo daga ƙauyensu can wajen dajin Rugu da ƙulli a gefen zane. Ta kwance, sai ga wasu saiwoyi masu kauri kamar rogo ƙanana. Ta karya ɗaya ta miƙo mini, cikinta jawur-jawur zuwa ruwan ɗorawa, har ta ɓata mini yatsa.

Rawaya ke nan. Ni 'yar birni ce, sunan launi kawai na san shi, ban san akwai tsiron da launin ya ci sunansa ba. Iya Dije ta ce da damina ganye ne kawai, ba wanda zai waiwaye shi. Sai rani ya shiga, an sa wa daji wuta, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, sannan furenta ke fitowa daga cikin toka, ba ganye ba reshe, kwance a ƙasa kamar an yar da shi. Da furen ake gane inda saiwar take. Ta ce da ita suke rina zare, da ita suke gyara launin miya in babu manja, kuma tun kakanni ita ake ba mai shawara. Ta nuna mini yadda zan daka kaɗan, in jiƙa, in tace.

"Ludayi guda da sahe, guda da marece," in ji ta. "Kada ki ƙara. Magani ba tuwo ba ne."

Iya Dije tana da yanar ido, da lalube take gane mutane, don haka ita ma ba duba yayarta ta yi ba, shafa ta ta yi. Ta kwana biyu ta koma, ta ce gero ba ya jiran mai jinya.

Da na tsaya a kan maganarta da wannan labarin bai yi tsawo ba. Amma muna da maƙwabciya, Hajiya Mairo, mace mai kirki da yawan magana, ta je Makka har sau biyu, haƙoranta na zinariya biyu suna shaida. A unguwar in ta yi magana ta zauna. Ta shigo ta tarar ina ba Inna ludayinta, ta tambaya, na gaya mata. Ta riƙe haɓa ta ce ina aka taɓa yin magani a sha ba wanka? Ai kowane mai magani "a sha a yi wanka" yake cewa, mutanen ƙauye ne da rowa, saiwar ce ba ta so ta ƙare. Maganar ta shige ni, don ni ma haka na saba ji tun ina yarinya. Washegari Malam ya biya Babbar Kasuwa wajen masu ganye ya cika mana ƙwarya da saiwar.

Daga nan na shiga daka. In daka, in tafasa a babbar tukunya, in surka, in kai ɗakin Inna. Ɗaki ne irin na da, taga ɗaya 'yar ƙarama can sama, da rana ma sai ka daɗe kafin ka ga abin da ke ciki. Takan zauna a kujera 'yar tsugune cikin baho ta juya mini baya, ɗankwali a rufe da fuska, ni kuma in cuɗa ta tun daga wuya har tafin ƙafa, safe da yamma. Mukan yi hira a haka, ita da bango ni da bayanta. A wannan wankan na ji labarin ƙuruciyarta, da yadda ta zo Katsina a kan jaki, da 'ya'ya huɗu da ta binne bayan Malam. Na ƙara sonta a kwanakin nan fiye da duk shekarun da suka wuce.

A mako na uku zazzaɓi ya ɗauke. Amma jikinta sai ƙara rawaya yake yi. Tafin hannu, farce, tafin ƙafa, har zanen da take ɗaurawa da tabarmar da take kwanciya. Hajiya Mairo ta duba hannun ta ce alhamdu lillahi, ciwon ne ke fitowa waje, a ƙara saiwa. Na ƙara. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, Inna ta ce in likita ya ga wannan hannun soke sunanta zai yi daga jirgi, ba inda za ta. A mako na huɗu hannun ya koma kamar an tsoma shi a miyar taushe. Nan Hajiya Mairo ta daina cewa a ƙara, ta koma cewa sai addu'a.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, a lokacin ne Inna ta fara jin yunwa. Mai ƙosai na suya a ƙofar gida, sai in ji ta tana cewa yau ƙosan Tabawa ya yi ƙamshi. Rannan har ta roƙe ni ko guda ɗaya. Na yi murna na gaya wa Hajiya Mairo, sai ta ja ni gefe ta ce in yi ta maza, ta ga irin wannan, kwaɗayin bankwana ne. Na hana Inna ƙosan nan, na shiga madafa na yi kuka. Ta rame har zoben azurfarta ya riƙa zamewa, na ɗaure mata shi da zare.

Ana cikin haka aka fara allurar maniyyata. Ba a hawa jirgi sai da ita, kowa ya sani. 'Yan rukuninsu na unguwa duk suka je suka dawo suna nuna dantse. Inna kuwa ga hannu rawaya, allura kuma a wurinta mutuwa ce, mu ma ba mu da ƙarfin halin ce mata ta je. Malam ya yi ta zirga-zirga wajen jami'an alhazai yana roƙo, suka ce Alhamis mai zuwa za a rufe, wanda bai yi ba sai wata shekarar. Wata shekarar kuwa, ga mai shekarun Inna, magana ce kawai.

Ran Lahadi da safe, Malam na durƙushe a bakin ƙofa, ni ina ciki ina naɗe tabarma, Inna ta yi magana da bango kamar yadda ta saba in da shi take.

"A gaya ma mutumin nan ya ba wani kujerar, kada kuɗinshi su tahi a banza. Ya yi abin da ɗa ke yi, na yahe mashi duniya da lahira." Sannan ta ce da ni, "Ke kuma, farin nan na ƙasan akwati, ki hiddo shi ki shanya. In bai je Arfa ba ya raka ni inda za ni."

Malam ya tashi ya fita. Na ji shi a zaure yana fyace hanci, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba. Na fito da farin yadin na shanya a igiya, ina shanyawa ina jin kamar ni na kashe ta.

Wajen shanyar nan ne na lura da hannuna. Na daɗe ina ganin ɗan launi a yatsu, ina cewa na turmi ne, zai fita. Amma ranar, a kan farin yadi, cikin rana, sai na ga tafin hannuna biyu da farcena sun zama irin na Inna sak. Likita ya ce ciwon ana ɗauka.  Na tuna 'ya'yana, ƙaramin ma ban daɗe da yaye shi ba. Da Malam ya shigo na buɗe masa hannuwan kawai, ya dube su ya ce innalillahi, gobe da asuba sai asibiti.

Layin dai yana nan yadda muka bar shi, mai ba da kati ma tana nan da bakinta. Da muka shiga, likitan nan ne da sistarsa. Na miƙa masa hannu, bai ko kula shi ba, ya sa yatsa ya ja fatar idona ƙasa, ya ce in kalli sama. Sannan ya kama hannun ya juya, ya kai hanci ya shinshina. Ya ɗauko auduga ya jiƙa da wani ruwa mai sanyi ya goge tafin hannuna da ƙarfi. Audugar ta fito rawaya, wurin da ya goge ya yi haske. Ya nuna wa sista, sista ta tambaye ni me nake taɓawa. Na ba ta labarin daka da wanka tun daga farko. Tun ban gama ba ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Likita bai yi dariya ba. Ya sa ta tambaye mu tsohuwar da muka kawo kwanaki, tana cin abinci? Na ce tana roƙo ma. Zazzaɓi fa? Na ce ya daɗe da tafiya. Sai ya ce, idonta fa, wane launi ne yanzu?

Na dubi ƙasa. Malam ma ya dubi ƙasa. Likita ya maimaita, yana tsammanin ba mu ji ba. Sista ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta gane, ta ce da ni a hankali, surukarki ce ko? Na ce e. Ta ce shi kuma ɗan fari? Malam ya gyaɗa kai. Ta juya ta yi ta yi wa likita bayani da Turanci, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake tambayarta, ta sake yi masa. Wata guda ina yi wa mace wanka safe da yamma ban ga idonta ba, wannan ya ƙi shiga kansa. Daga ƙarshe ya kama hannuna ya ɗaga, ya haɗa 'yar Hausarsa ya ce, "Hannu ƙarya. Shawara, ido." Sista ta ce mu daina wankan, mu dakata da jiƙon, mu je mu duba, kuma ko me muka gani mu kawo ta gobe.

 A tasi, mun kusa gida, Malam ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ko za a kira Hajiya Mairo ta duba. Na ce Hajiya Mairo ta duba abin da ya isa. Ya ce a ɗauko Ummi. Na ce in ciwon na nan fa? Shi ma ya san saura mutum ɗaya, kuma ba shi ba ne.

Rana na tsaka na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kamo Inna na fito da ita, rabonta da waje tun ranar asibiti. Farin yadin na nan a igiya. Na durƙusa a gabanta ina kallon ƙafafunta masu launin rawaya, na ba ta labarin auduga, na ce likita ya ce sai an duba idonta. Ta ce to wa zai duba? Na ce ba kowa a gidan sai ni. Na ce ta gafarce ni.

 Sai na ji ta yi 'yar dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin azumi.

"Ɗiyar nan, mi ya rage? Kin ga bayana, kin ga cikina, kin zubar da abin da na yi a kasko. Ido ne za ya gagare ki? Ɗago."

Ta janye ɗankwalin da kanta. Wallahi ɗaga turmi ya fi mini sauƙi a kan ɗaga kaina a ranar. Na bi ta wuya, rawaya. Haɓa, rawaya kaɗan, inda ruwa ke fantsama. Sannan ido. Fari ne tas kamar nonon da aka tatso yanzu, ba ko ɗigon launi. Na sa yatsa na ja fatar kamar yadda likita ya yi mini, na ce ta kalli sama, nan ma fari. Kuma sai na ga wani abu da ba shi aka aike ni dubawa ba. Idon Ummi ne, manya, masu ɗan ja-ja a tsakiya kamar zuma. Shekaru ina tambayar kaina inda yarinyar nan ta samo idanunta, ashe suna ɗaki ɗaya da ni.

Na ce, "Inna, fari ne. Kin warke." Hawaye suka hana ni ƙarasawa.

Ita kuwa ba ta sauke nata idon ba. Ta ƙare mini kallo tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Ashe haka kike. To, mutumin nan ya iya zaɓe." Daga zaure muka ji tari, ashe yana tsaye a bayan ƙyaure. Inna ta mayar da fuska bango ta ce a gaya wa mai tarin nan ya aika a sayo ƙosai.

Ban ba ta ƙosan ba sai da likita ya yarda, kada a ce ban yi hankali ba. Washegari da ƙafarta ta shiga tasi, ta zauna a barandar da ta rantse ba ta komawa. Likita ya danna cikin, ba zafi. Ya ɗebi jini, ta miƙa hannu tana salati, ba ta mutu ba. Da sakamako ya fito ya ce hanta ta koma daidai, abin da ke damun tsohuwar nan yanzu yunwa ce, a ba ta abinci, mai kaɗan-kaɗan. Ran Alhamis, ranar rufewa, aka yi mata allurar maniyyata. Mai allurar ya ga dantse rawaya ya ja baya, sai da Inna ta gwale masa ido da yatsunta biyu.

Iya Dije ta dawo ana saura kwanaki su tashi, an gama girbi, an fara ƙona daji. Da ta ji labari ta tafa hannu ta ce ita cewa ta yi a sha, wa ya ce a rina mata yaya kamar zare? Hajiya Mairo na wurin, ta ce ai dai ga shi ta warke, wa ya san ko wankan ne. Ba wanda ya ja da ita, don ita ta koya wa Inna yadda ake ɗawafi, ita ta ba ta jakarta ta tafiya. A cikin ƙullin Iya Dije har da furen rawaya guda da ta sa aka tsinko mini, ya ɗan yi yaushi, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, da toka a gindinsa. Ranar na fara ganinsa.

Har yau in aka tambaye ni me ya warkar da Inna, ba ni da amsa ɗaya. Iya Dije ta ce rawaya, Malam ya ce hutu da likita, Inna ta ce Allah, kuma ita ta fi su gaskiya. Ban raina saiwar nan ba, ina ajiye ta a madafa har gobe. Abin da na sani shi ne, in mai magani ya ce ludayi guda, a tsaya a ludayi guda. In likita ya ce a dawo, a koma, ko da mai ba da kati ba ta da tarbiyya. Kuma kowane irin nauyi ke tsakaninka da majinyacinka, ka dube shi a fuska, don saura ƙiris kunya ta sa mu binne mai lafiya da yunwa.

Inna ta tafi Makka da sauran launi a farce da dugadugai, matan jirginsu suna tambayarta wane irin lalle ne wannan. Farin yadin ya tsaya a Arfa. Ta dawo da tsaraba kowa da tasa, ni ta ba ni kwalli a 'yar kwalbar tagulla.

Kada a ɗauka daga nan kunya ta tashi a gidanmu. Malam ya ci gaba da zama "mutumin nan" har ƙarshe, ni ma na koma sunkuyar da kaina a gaban mutane kamar da. Sai dai kowace safiya in na kai mata koko, in ba kowa a ɗakin, takan janye ɗankwali ta ce, "Duba mani." Ba abin da ke damunta, ni ma na sani, ita ma ta san na sani. In ɗago, mu dubi juna, in ce fari ne, ta ce madalla, ta karɓi kokonta. Haka muka yi shekara da shekaru, har Ummi ta yi aure ta haihu. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, da hantsi ne, mata sun cika ɗakin, aka rasa wanda zai rufe wa Inna ido. Na ce su matsa, wannan aikina ne. Na duba mata sau ɗaya, sannan na rufe.